Saura Bakwai

Bayan la'asar na zazzage gwangwanin a kan buzu,
na ƙirga, na sake ƙirgawa,
sai ka ce ƙirga na sa abu ya haihu.
Bakwai.
'Yan mitsi-mitsi, ba su kai gaɓar ƙaramin yatsana ba,
jan ƙarfe da hular dalma,
suna wari irin na tsohon kwabo.

Da can kwali guda nake jefawa aljihu,
hamsin cif,
canjin ya sai goro, ya sai wa Hurera kananzir,
in taka keke in iso gida rana ba ta faɗi ba.
Fakara ukku, zomo ɗaya,
miyarmu ta san maiƙo ko ba Salla ba.

Bana sai da na sayar da tiyar wake biyar na hau mota.
Ta Ƙofar 'Yanɗaka muka shiga Katsina.
Alhaji Gide ya karɓi takardar izinina,
wadda ninki ya cinye har ta kusa zama huɗu,
ya karanta, ya miƙo mani da hannu biyu.
"Malam Tsalha, babu su.
Wata tara ke nan ko ƙwaya ban gani ba."
Na ce in sun zo fa?
Ya sunkuyar da kai ya faɗi kuɗɗin
a hankali, kamar mai yi mani ta'aziyya.

A hanya na yi lissafin, buhun wani na danne mani ƙafa:
harsashi ɗaya, kaza ɗaya.
To wa ke jifan fakara da kaza?

Ban san wanda ya kai wa kurege labari ba.
Yanzu a kan kunya yake zama,
ya tono gyaɗata, ya ɓare, ya dube ni,
ya ci rabi ya yar da rabi.
Zabin daji na ratsa gonar a jere
kamar masu zuwa suna gidan dangi,
ko sauri ba su yi.

Abin da ba na faɗa a majalisa
shi ne na dare.
In ƙauye ya yi tsit, can yamma wajen daji
akan ji manya-manyan suna tari,
ba ɗaya ba, ba goma ba, yayyafi.
Sai in kwanta ina tambayar rufin ɗaki:
su a wace kasuwa ake auna masu?
Wanda ke harbin kurege shi ke ƙirga,
mai harbin mutum ko ba ya duba saura.

Jiya Mudi jikana ya shigo da hasbiya biyu a rataye,
danƙo a wuya, aljihu cike da cure-curen laka
da ya shanya a kan katanga.
Ya ce, "Kaka, nawa harsashin a kududdufi nake ɗiba,
har yau ba a ƙara masa kuɗɗi ba."
Na yi dariya har da tari.
Ya ce, "Amma mai faci ya ce tsohon tif ma ya tashi."

Da asuba na goge bindigar da man gyaɗa,
na ɗura ɗaya,
na laɓe gindin aduwa, raɓa na jiƙa mani wando.
Ya fito.
Na sa shi daidai, tsakanin kunne da kafaɗa,
yatsa a kan kunama, numfashi a riƙe,
sai na ji kazar tana kuka cikin bakin bindiga.

Na sauke.
Na ce, "Kai!"
Murya dai ba a saye.
Ya ɗaga wutsiya, ya matsa kunya biyu, ya ci gaba.

Hurera na tankaɗe da na dawo.
"Nawa suka rage?"
Na ce bakwai.
Ba ta ɗago ba.
"Gyaɗar fa?"